A-kori-kura Uku daga Ƙasar Ƙanƙara

Abin da na zuba a cinikin nan ba shi da wuyar lissafi: fili ɗaya da na sayar a bayan garin Kano, ribar shekarun da na yi ina dillancin motoci a Doha, sai yardar kafil ɗina, dattijon ɗan ƙasa da sunansa ke kan takardun kasuwata. Na ukun ya fi nauyi, don ranar da ya janye sunansa ba ni da kasuwa. Abin da na karɓa a madadinsu a-kori-kura uku ne, biyu farare, ɗaya ruwan toka.

Da gadi na fara a ƙasar nan, na koma tuƙi, daga baya na shiga haɗa mai saye da mai sayarwa ina cin la'ada. A nan rana ce ke kashe mota, kuma a kanta idona ya horu. Ina duba dashbod ko ya tsage, fentin rufi ko ya ƙone, robar gilashi ko ta bushe, sannan in kunna esi in tara tafin hannu. Motar da ta tsallake wannan ta tsallake. Haka na sani, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Wani ɗan kasuwa a Sharja ne ya kawo motocin daga gwanjon wata ƙasa mai sanyi. Dashbod ɗinsu kamar ba a taɓa zama a gabansa ba. Fenti na sheƙi, inji na numfashi a hankali. An fesa wani baƙin abu mai kama da kwalta a ƙarƙashinsu har gindin ƙofofi, ya ce kariya ce. Na leƙa a tsaye, na ga baƙi tas, na biya.

Na ajiye su a wani fili da nake haya a Al Wukair. Motar sayarwa ba ta wuni da ƙura a Doha, in ba haka ba mai saye ko birki ba zai taka ba. Don haka kowace safiya nakan ja tiyo in yi musu wanka da kaina, ruwa na gangarowa ta gilashi yana shigewa cikin ƙofofi. Kafil ya zo ya ga mai ruwan tokar, ya ce yana son ta don ɗaukar abincin dabbobi a gonarsa. Bai buɗe inji ba, bai yi ciniki ba. Ya ce tunda ni na zaɓo, khalas, magana ta ƙare.

Da zafi ya shigo, irin wanda iska ke jiƙa riga tun kafin mutum ya yi gumi, sai na fara ganin ƙuraje a fentin gindin ƙofofin fararen. Na ɗauka aikin mai fenti ne mara kyau.

Wata Juma'a na rage wa wani ɗan Zariya hanya zuwa Al Sadd a ɗaya daga cikin fararen. Bincike yake yi a jami'a, muna ce masa Dakta, kuma ya yi karatu a ƙasar ƙanƙara kafin ya zo nan. Da ya ja ƙofa ya rufe, sai muka ji ruwa ya yi ƙugi a cikinta.

"Alhaji, motar taka randa ce?"

"Sabuwa ce, Dakta. Kai dai ba ka saba shiga mai tsada ba."

"Daga ina aka kawo ta?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya, sai kuma ya daina. Da muka tsaya ƙofar gidansu ya durƙusa da farar shaddarsa, ya karɓi makullina ya soka a gindin ƙofar. Makullin ya shige kamar a cikin burodi. Jan ruwa ya tsiyayo masa a takalmi.

Ya ce a can, idan ƙanƙara ta rufe titi, gishiri ake watsawa don ta narke.

"Gishiri? Na miya?"

"Shi dai, mota-mota. Taya ta kwaso shi da ruwa ta cusa a kowane lungu, ya kwanta a cikin ƙofofi da murfin baya. Can mai saye kwanciya yake yi a ƙasa kafin ya kalli dashbod. Akwai ƙananan ramuka a gindin ƙofa da ruwa ke fita, wannan baƙin abin ya toshe su. Kana wanke su?"

"Kullum."

"To kai kake ba gishirin ruwa, Alhaji. Kuma ka biya ni takalmina."

Ban ji komai a raina ba. Na ce ya gaida gida. Na tsaya a bakala, ɗan kantin unguwa, na sayi madara da burodi kamar yadda na saba, na koma Al Wukair, na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da makulli. Duk inda na soka ya shige. Na buɗe murfin bayan ɗayar, na ga bakinsa na ƙasa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na naɗe tiyo na rataye, na zauna na ci burodina.

Washegari na tafi gonar kafil. Tun daga nesa na hango murfin bayan motarsa jingine da shingen tumaki. Ma'aikata sun taka shi suna loda buhuna, ya ɓalle. Dattijon na zaune a inuwa yana shan gahawa.

"Motarka ta zubar da haƙori," in ji shi. "Zauna. A kai wa mai walda."

"Ya Hajji, babu abin da walda za ta kama. Ƙofofin ma suna hanya."

Na nuna masa da makulli. Ya daɗe yana kallon ramin.

"Ka sani lokacin da ka sayar mini?"

"Jiya na sani."

"Yanzu fa?"

"In mayar maka da kuɗinka, in ɗauki kayana."

Ya zuba mini gahawa, ya koma maganar tsadar ciyawa. Na ɗaure murfin da igiya a bayan motar na ja ta zuwa gida. A hanya rediyo na kunna.

Wani abokin sana'a ya ce in sa a cike ramukan motocin da fila, abin toshe lotsar mota, a yi fenti, in tura wa wani kafin ƙurajen su dawo. Na auna. Doha ƙarama ce, kuma sunan da ke kan takardar sayarwa ba nawa ba ne, na kafil ne. Na kai duka ukun wurin masu ɓalle motoci. Injinan lafiyayyu ne, su da giya da kujeru da dashbod ɗin nan masu kyau duk sun sami masu so. Bodin an auna shi a sikeli.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Filin Kano ya tafi. Ƙanena ya aiko mini hotonsa, wanda ya saya har ya kai ginin linta. Ribar shekaruna kusan rabi ta dawo ta hanyar injina. Takalmin Dakta na biya. Kafil ya sa hannu a takardun da lokacin sabuntawa ya zo, sai dai tun daga ranar duk motar da zan sayar wa danginsa direbansa yake turowa ya kwanta a ƙarƙashinta tukuna. Ina shimfiɗa masa kwali, in tsaya a gefe har ya gama.