Babban Yatsan Yaya Ramatu

Ranar Laraba da hantsi ina tsince wake a tsakar gida nan Ƙaura, sai matar ɗana ta miƙo mini waya, wai Saude ce daga Shinkafi. Saude ɗiyar Yaya Ramatu ce, kuma ba ta kirana sai da dalili. Tac ce, "Inna Kulu, Inna ta cika. Ta bar wasiyya ke za ki yi mata wanka." Nic ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rufe waken da faifai saboda kaji, na ɗauki mayafi na nufi tasha. Ban yi kuka ba. Na rufe miji, na rufe ɗiya uku, hawayen sun yi mini ƙaranci.

Ni da Yaya Ramatu ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. Aure ya kai mu ƙauye guda bayan Dauran, dangar kara ce tsakaninmu shekara arba'in da ɗoriya. Sana'arta ƙunshi. Ba zan ce tana da sanyin hali ba, don Allah na ganina. Tana da faɗa, tana da kafiya, in ta ƙi abu ko maigari bai juya ta. Amma ban taɓa kama ta da ƙarya ba, kuma abin da za ta faɗa bayanka ta riga ta faɗa maka a ido.

Zaɓen farko da anka bar mata su jefa ƙuri'a, muna da ƙuruciya. Saura kwana biyu anka yi suna gidan maigari, ta ƙunsa mana lalle mu wajen goma, yatsu sunka yi baƙi ƙirin. Ran zaɓe munka ci ado munka bi layi. Malamin zaɓen baƙo ne, daga birni anka aiko shi. Duk wanda ya jefa ana shafa mashi tawada a yatsa don kada ya koma. Da ya dubi hannuwanmu sai yac ce mun riga mun jefa, mu ba shi wuri. Yaya Ramatu tac ce, "Malam, kai matarka ba ta ƙunshi ne?" Maza sunka fashe da dariya, shi ko ya ji kunya, kunyar ta sa ya ƙara kafewa. Haka anka kore mu. Ni daɗi ma na ji, na bar tuwo bisa wuta. Ita ko sai da munka kai bakin danga tac ce, "Kulu, ni na hana ku. Da hannuna na hana ku."

Tun daga ranar ta kafa doka. In zaɓe ya matso, duk wadda ta zo ƙunshi za a bar mata babban yatsan dama fari fat, ko amarya ce. Nata yatsan kuma tsumma take naɗe shi da shi in za ta kwaɓa lalle. An yi rigima da ita ba adadi. Wata uwar amarya tac ce, "Wane irin ƙunshi ne wanga, Ramatu, hannu da giɓi?" Tac ce, "Yatsa tara sun ishi ango kallo. Gudan nata ne." Wasu sunka kai amarensu wani wuri, ta rasa ciniki, ba ta janye ba. Da soja sunka karɓe mulki sai ta koma cika yatsu goma. Mu a ƙauye har wasa muke yi da abin, cewa in kana son sanin wa ke mulkin ƙasa, dubi hannun amarya.

Akwai shekarun da anka daina dangwala yatsa, anka ce kowa ya tsaya layi bayan hoton wanda yake so, a ƙidaya mutane ido na ganin ido. Mijinta ya nuna mata layi, ta wuce ta tsaya ɗayan, ita kaɗai mace. Ni na tsaya inda marigayi maigidana ya nuna. Ta hango ni, ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Wannan na riƙe mata.

Mi munka samu? Atamfa mai fuskar mutum, sabulu, gishiri, da famfo guda da ya yi rani ɗaya ya mutu. Daga baya 'yan bindiga sunka hana noma, sunka kore shanun maƙwabtanmu Fulani da namu, ƙauyen ya watse. Ni na zo Ƙaura wurin ɗana, ita ta tafi Shinkafi wurin Saude. Zaɓen da ya wuce, akwatin ƙauyenmu a wata firamare cikin Zurmi anka ajiye shi, don ba mai iya kai shi ƙauyen. Nic ce ba ni zuwa. Ta kira ni tac ce, "Kulu, ko kin mutu ne ba a gaya mini ba?" Na tafi. Muna cikin rana nic ce, "Yaya, don Allah mi abin ga ya tsinana mana?" Tac ce, "Ba komi. Amma in sun ƙidaya, da ni a ciki. In ban zo ba, wani zai zo da sunana." Da layi ya kai gare ta, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsan, tsufa da aiki sun shafe zanen. Sai hoton fuskarta anka ɗauka. Ta fito tana mita, wai shekara arba'in tana tsaron yatsa, ashe fuska za su duba.

Watan jiya na je gaishe ta, ciwon ya ci jikinta. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta fiddo katin zaɓenta. Tac ce Sale, ɗan ƙanen mijinta, wanda ke bin wani ɗan siyasa, yana yawo gida-gida yana karɓar katin tsofaffi, wai za a sa su cikin masu tallafi. Sau biyu ya zo mata, kuma Saude ba ta iya ce mashi a'a. Tac ce, "Riƙe mini. In na tashi ki maido. In ban tashi ba, kada ki bari in yi zaɓe daga kabari."

Da na zo wankan, na ɗaga hannunta na dama. Saude ta yi mata ƙunshi kwana kaɗan kafin nan don ta ji sanyi a tafi. Yatsu sun yi ja, babban yatsan fari. Nic ce da Saude mi ya sa. Tac ce Inna ta ji a rediyo ana maganar zaɓen kansiloli, ta hana a taɓa shi. Matar da ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Nan ne na ɗan tsaya kafin in ci gaba da zuba ruwa.

Ran addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, Sale ya same ni a zaure ya durƙusa. "Inna Kulu, ya haƙuri? An ce katin Inna na wurinki."

"Yana wurina."

"Dama sunanta na cikin takarda. In an kai katin, buhun gero zai fito, Saude ta samu na sadaka."

Ban san abin da suke yi da katunan ba, kuma na san gidan Saude ba hatsi. Na aika anka kira ta, na faɗa mata abin da uwarta ta ce, gaban Sale. Tac ce, "Inna Kulu, yi abin da ta ce." Na kwance bakin zane na fiddo katin, na karɓi almakashin da marigayiya ke yanka tsumman ƙunshi da shi, na raba shi huɗu. Sale yac ce, "Haba Inna, mamaciya mi za ta yi da kati?" Nic ce, "Kai mi za ka yi da shi? Yatsan da ke da katin ga ni na wanke shi, yana maƙabarta. In ubangidanka na so, ya je can ya tambaye ta." Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya fita. Geron kuma na aika wa Saude daga na ɗana, rabin buhu, abin da ya samu ke nan.

Allah Ya jiƙan Yaya Ramatu, Ya yafe mata faɗanta da abin da munka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata mata kabari, Ya ba ta littafinta a wannan hannun na dama. Allah Ya ba Saude da 'yan'uwanta haƙuri, Ya rufa musu asiri, Ya shirya Sale. Allah Ya maida mutanenmu gonakinsu lafiya. Mu da munka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.