Ranar da Kwaɗon Waya ya Kusa Kama Saratu

Saratu tamu ita ce ta huɗu ga babanmu, kuma ita kaɗai a gidanmu ta kai ƙarshen sakandare. Can Boɗinga ta yi ta, gidan ƙanwar innarmu. Sauran kowa ya ɗan taɓa firamare ya koma ga albasa. Da ta dawo Horo Birni anka yi mata aure, ta samu keken ɗinki ta kafa bakin ɗakinta.

Amma ba ɗinki ya sa anka san ta ba, waya ce. Garinmu in rani ya yi maza watsewa suke, wasu kudu ci-rani, wasu bayan shanu. Kira bai shiga sai an hau tudun bayan makaranta, shi ma sai ya ga dama. Saƙon rubutu shi ke isowa, ga matan ba su iya karatu ba. Sai a tara wayoyi cikin ƙwarya a kai wa Saratu. Da hantsi ta hau tudu da su, saƙonni su sauka, ta dawo ta kira kowace mace ita kaɗai, ta saki labule, ta karanta mata. Shekara bakwai tana wanga aiki. Ta san wanda ke ciwo shina ɓoyewa, ta san wanda anka kora daga aiki shina cewa lafiya lau. Ko mijinta bai taɓa jin kalma ɗaya ba. In an matsa mata da tambaya sai ta ce, "Ni ido kawai na ara musu."

Bara waccan Malam Shamsuddeen, malamin firamarenmu, ya nuna mata wata hanyar aika saƙo mai ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa. Ya ce saƙon kulle shi ake tun daga wayar mai aikawa, ba ya buɗewa sai a wayar wanda anka aika wa. Ko masu kamfanin ba su iya leƙawa. Saratu ta kwana biyu tana shawara, ta sa ma mutane ko ta bari? Wasu mata sunka ce su dai a bar su da wanda sunka saba. Ta tuna irin asiran da ke bi ta hannunta, ta ce gara da kwaɗo. Ta bi wayoyin ɗaya ɗaya ta sa musu.

Cikin waɗanda ta sa wa har da Badaru, ɗan Gwaggo Shatu, mai kiwo. Badaru mutum ne mai son a gan shi. Biro biyu gaban riga, in ya zauna majalisa ya riƙa murza waya shina gyaɗa kai. Ranar da ya kawo tashi wayar, Saratu ta miƙa mishi ta ce shi rubuta sunanshi. Ya duba ƙofa, ya rage murya.

"Ke rubuta dai. Ni ko alif ban sani ba na boko. Don girman Allah kada wagga magana ta fita, ni ka karanta ma abokaina saƙo wai."

"To mi kake ce musu?"

"Abin da ya zo bakina."

Ta yi dariya har da hawaye, ta rubuta mishi, ta yi alkawali.

Da damina ta faɗi bana, Badaru shina can kudu da Shagari da shanun gidansu. Saƙo ya shigo wayar Gwaggo Shatu: ran Laraba za shi koro shanu gida, ba ta babbar hanya ba, ta bayan fadamar Kajiji, kafin azahar. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi, don haka Saratu ta kafa baki a kunnenta ta faɗa mata sau biyu, labule sake.

Ran Laraba, rana tsaka, mutane huɗu bisa babura sunka tare Badaru daidai bakin fadamar. Ba su yi kama da masu yawo ba, jira suke. Sunka fasa mishi kai, sunka kora shanu tara. Wasu masu noma sunka ɗauko shi.

Kafin la'asar magana ta cika gari: wani ya kai ma ɓarayin rahoto. Wa ya san hanyar? Gwaggo ta rantse ba ta faɗa ma ko kaza ba. Saura mai karatu.

Saratu tana bisa keke ta ji ta. Ba wanda ya zo ya gaya mata. Wata maƙwabciya ce ta shigo ba sallama, ta ɗauke wayarta daga cikin ƙwarya, ta ɗauke atamfarta da ko yankawa ba a yi ba, ta fita. Sai wata. Sai wata. Ƙwarya ta koma fayau. Saratu ta bar taka keke. Kowa a ƙasarmu ya san abin da ake yi ma wanda anka ce shi ke kai rahoto ga ɓarayin shanu. Ba a tsayawa dogon bincike. In Allah ya taimake ka, a kore ka da danginka. In bai taimake ka ba, ba a faɗi. Ta dubi ɗiyanta biyu suna wasan ƙasa tsakar gida, ta jawo su ɗaki.

Kwana biyu ba ta sa komi a baki ba sai ruwa. Mijinta na kudu. Samari sunka fara tsayawa bakin lungunsu da sanduna. In ganye ya motsa jikin zana sai ta zabura. Ta ɗaure kayan yara cikin zane ta kwance, ta ɗaure ta kwance. In ta gudu, ta amsa laifi. In ta zauna, ba ta san mi ka zuwa ba.

Ran Asabar da safe Maigari ya aiko kira. Ƙofar gidanshi ba wurin sa ƙafa. Badaru na zaune gaba, kai naɗe da farin ƙyalle. Saratu ta durƙusa nesa, ta gaishe da Maigari.

Maigari ya ce a kira Malam Shamsuddeen shi yi bayanin wanga kwaɗo. Malam ya taso shina zufa, don ya san inda maganar za ta faɗa.

"Allah shi ba ka nasara, gaskiya ita ce ba a iya sace saƙon a hanya. Daga wayar Badaru sai wayar Gwaggo."

"Ko ɓarawo na da na'ura?"

"Ko da ita, ranka shi daɗe."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "To ai magana ta ƙare! Ita ta sa kwaɗon, ita ad da mabuɗi!" Wuri ya ɗauki guna-guni. Abin da Saratu ta kawo don tsare asirin mutane, shi ne yau ya tashi shaida a kanta.

Sai dai cikin wanga ruɗu abu ɗaya ya tsaya mata: daga wayar Badaru. Badarun da bai iya rubuta sunanshi ba. Kalma ɗaya za ta faɗa ta kuɓuta, amma in ta faɗe ta gaban jama'a, ta nuna musu da bakinta cewa Saratu na tona asiri in wuya ta yi.

"Ranka shi daɗe, a ba ni izini in tambayi Badaru abu guda."

"Tambaye shi, ɗiyata."

"Yaya Badaru, ni ba ni cewa komi. Kai za ka faɗa, tsakaninka da Allah. Ina kake zaune sa'ad da anka rubuta saƙon nan?"

Badaru ya dubi ƙasa. Ya taɓa ƙyallen kanshi. In ya ce shi ya rubuta cikin daji shi kaɗai, Saratu ta mutu.

Gwaggo Shatu, da ba ta jin rabin abin da ake faɗi, ta zungure shi da sanda. "Kai, an tambaye ka! Ko dukan ya tafi da bakin?"

"A kara nike," in ji Badaru, da ƙyar. "Kasuwar shanu. Wurin mai shayi."

"Kai ka rubuta?" Maigari ya tambaya.

"Ranka shi daɗe... wani na ba. Wani mai jar hula, nan na gan shi. Ni ina faɗi shina rubutawa."

"A kunne kake faɗa mishi?"

"Akwai hayaniya. Sai da na ɗaga murya. Ya ce bai ji sunan hanyar ba, na maimaita."

"Mutum nawa ke wurin?"

"Benci biyu cike."

Wani tsoho ya yi salati. Ɗaya daga abokan majalisarshi ya miƙe, ido waje. "Badaru! To ni saƙon surukina da ka karanta man bara, mi ke ciki?" Dariya ta ɓarke wurin da ɗazu ake maganar kisa. Maigari ya ɗaga hannu, ya ce duk wanda ya sake danganta sunan yarinyar nan da ɓarayi, da shi zai yi. Ya ce samarin lungu su watse tun bai kira sunan ubanninsu ba.

Mata biyu sunka kama Saratu sunka kai ta gida. Wayyo daɗi, rannan gidanmu har wanda bai iya guɗa ba sai da ya gwada! Ita ko tana isa ɗaki ta rungume ɗiyanta, zazzaɓi ya rufe ta, kwana uku tana rawar ɗari.

Shanun dai har yau ba labari. Ran na huɗu Gwaggo Shatu ta zo da ƙwaryar nono, ta aje, ta zauna bakin gado tana ta murza bakin zane.

"Ɗiyan nan, na ci haƙƙinki. Ni na fara kiran sunanki."

Saratu ta matsa kusa da kunnenta. "Na yafe, Gwaggo."

"Mi kika ce?"

"Na ce na yafe!"

"To ki daina yi man ihu, duk gari na ji," in ji Gwaggo. Ta ɗauko ludayi ta miƙa mata. "Tashi ki sha, kin koma kamar kara."