Kilishin Kawu da Tsiron Maiɗakina

Duk abin da na gani a zamana na Dubai zan iya mantawa, amma ban da yaƙin da na yi da ɓeraye a kan wani tsiro. Har yau in na tuna sai in ji gajiyar ta dawo mini a kafaɗu.

Tsiron na maiɗakina ne. Irin mai cin ƙwarin nan ne, wanda kowane ganye yake saukar da ɗan tulu a ƙarshensa, ƙuda ya leƙa ya zame ciki, shi ke nan ya zama abinci. Ta samo shi ne a shekarar da ta yi ɓari, lokacin da nake fita aiki tun safe in bar ta ita kaɗai a ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz. Ba ya shan ruwan famfo, sai wanda yake ɗigowa daga esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa ta zauna ta yi ta tara masa a kofi. Da Allah ya sake ba ta ciki za ta tafi Kano haihuwa, ba ta bar mini amanar komai ba sai shi. "Ruwa kawai za ka riƙa ba shi," in ji ta, "sauran shi zai nema wa kansa."

Bayan tafiyarta kawuna ya iso sayen takalma a kasuwar Naif, ya sauka wajena da jakarsa cike da tsaraba. Ya ga tsiron a bakin taga ya tsaya yana juya kai. "Kai, wannan kuma wace irin fulawa ce mai tuluna?" Ni kuwa ina ɗaura takalmi, motar ofis tana jira, na ce, "Kawu, wannan nama take ci." Na fice abina.

Ba a jima ba ɓarna ta fara. In dawo da yamma a gajiye, in tarar an tone gansakukar da ke tukunyar an watsar, an huda gindin tulu guda, ga kashin ɓera a kan taga. Mu da muka shekara a gidan nan ko wutsiya ba mu taɓa gani ba! Na sayo tarko, na sayo gam, na cusa soson ƙarfe a duk ramin da bututu ya ratsa. Guba ce kawai na ƙi sawa, don maƙwabtanmu suna da jariri mai rarrafe. Na kama ɗaya, washegari 'yan'uwansa suka zo ta'aziyya suka cinye wani tulun. Na ɗaga tukunyar na rataye, suka bi igiya suka sauko. Na kewaye ta da ragar waya, na dawo na tarar da ragar a buɗe, na ce lallai ɓerayen Dubai har hannu gare su.

Wallahi na gaji. Aiki ya tatse ni, cunkoson hanya ya ƙarasa ni, in shigo gida ko hular kaina ban cire ba in durƙusa ina leƙen bayan firji. Kawu ya ce, "Zo ka zauna mu ci tuwo mana," in ce ina zuwa, ban kuwa zuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran waya. Kullum sai maiɗakina ta ce, "Juya mini in gan shi." Sai in karkata wayar ta gefen da ganye ya rage, in ce hasken ne ba kyau. Mace mai tsohon ciki, ina zan iya gaya mata abin da ta rena yana ƙarewa a hannuna?

Mura ce ta tona asirin. Ranar da ta kwantar da ni ban je aiki ba. Da hantsi ina kwance sai na ga Kawu ya buɗe jakarsa, ya zaro kilishi, ya nufi taga. Ya kwance ragar a hankali, ya gutsuro da farce, ya ce "Bismillah," ya jefa a tulu. Ya sake gutsurowa ya jefa a na kusa da shi.

Na tashi zaune. "Kawu! Me kake zuba masa?"

"Karin kumallo mana. Ba kai ka ce nama take ci ba? Kullum kana fita ka bar baiwar Allah da ruwa tsura, ko ƙuda babu a ɗakin nan saboda sanyin esinku. A gidanmu ko akuyar baƙo ba ta kwana da yunwa."

Na karkata tulun, sai ga jan ruwa yana wari, ƙuli-ƙuli da yaji sun narke a ciki. Ashe abin da ɓerayen suke huda gindin tulu su nema ke nan. Wanda ba su huda ba kuwa, gishiri da mai sun ruɓar da shi. Na so in yi faɗa, amma ƙarfin faɗan ma babu. Na zauna a ƙasa na yi masa bayani. Sai ya ce, "To ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na jawo su. Amma kai ma, ɗana, tunda na zo ba ka zauna mun yi magana ta cika baki ba."

Tsiron bai tashi ba. Na wanke, na sauya gansakuka, na yanke ruɓaɓɓun, amma ya ci gaba da baƙi har ya bushe. Da maiɗakina ta kira, na juya mata wayar sosai, na gaya mata komai. Sai ta ce, "Ka ce wa Kawu na gode. Da ina ɗakin nan ni kaɗai, da na samu wanda zai lura ko na ci ko ban ci ba kamar yadda ya lura da shi, da ban ma nemi tsiron ba."

Wannan maganar ta fi mutuwar tsiron yi mini ciwo, kuma ba ta faɗe ta da fushi ba. Tun daga ranar na gane cewa na iya leƙa kowane rami a gidana, amma ban iya zama da mutanen da ke cikinsa ba. Yanzu in na dawo daga aiki, komai gajiyata, sai na zauna na tambayi kowa yadda ya wuni kafin in cire takalmi.