Kwalin da Aka Shanya a Tsafe

Har yau in na ga an shanya kwali a kan bonet ɗin mota, sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaji a Gusau. Gwaggona, ƙanwar babanmu, manomiya ce a Kekun Waje. Wani ƙulli ya fito mata a wuya, aka yanki ɗan nama aka kawo mana. Likita ya ce sai an ga ko akwai wata alama a jikin ƙwayoyin naman, wadda cutar ke ɓuya da ita daga garkuwar jiki, kafin ya san maganin da zai ba ta. Abin da ke nuna alamar wani ruwa ne da muke kira antibodi. In an ɗiga shi a kan naman, inda alamar take sai ya rine ya yi ruwan ƙasa. Zafi kuwa kashe wannan ruwan yake yi.

Da ƙyar na riƙe Gwaggo a gidana na Damba. Ta ce ta ba ni zuwa ruwan farko, ranar da ya sauka za ta tafi shuka. Ba ta magana biyu.

Ƴar kwalbar antibodin, wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, aka aiko daga Zariya ta hannun direba, kamar yadda ake aiko da komai, cikin kwali cike da ƙanƙara. Na je tasha na karɓa, na ji kwalin a bushe ƙayau, da ɗumi kamar burodi.

Direban dattijo ne, yana ta fara'a. Ya ce, "Malam, gode Allah. Da munka tsaya salla a Tsafe nig ga kayanka sun jiƙe sharkaf. Niz zubda ruwan, nis shanya maka wanga kwali bisa bonet har ya bushe. Amana ce ai."

Wallahi ban san sanda na fara ihu ba. Na ce wa ya aike ka? An ce ka kawo, ba a ce ka yi wanki ba! Masu lodi suka taru suna ba ni haƙuri, wai in ji kunyar furfura, bawan Allah alheri ya yi. Wannan ya fi komai ƙona min rai: ya kashe min abu, kuma ni ake jira in yi godiya. Wanda ya ɗaure kwalin ma da nasa, ko baki bai buɗa ya ce wa direban kada a raba shi da sanyi ba.

Duk da haka na gwada a kan wani nama da muka tabbata yana da alamar. Na leƙa madubin duba ƙwayoyi, fari fat. Ruwan ya mutu.

Muka sake aikawa a nemo wani, aka ce sai an jira ya iso daga waje. Ana cikin jiran hadari ya haɗo. Na dawo gida na tarar Gwaggo ta ɗaure kayanta. Na roƙe ta har na durƙusa. Ta ce, "Ɗana, gero ba shi jiran likita." Ta hau motar Bunguɗu ta koma gida.

Sabuwar kwalbar da kaina na je na ɗauko, na rungumo ta da ƙanƙararta har Gusau. Naman Gwaggo ya rine sarai, alamar ta fito, likita ya ce akwai maganin da zai dace da ita. A ranar kuwa mako guda ke nan da muka yi mata addu'ar bakwai.