Abin da Ya Shaƙe Piyanon Cocinmu

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damunar 1994, ruwa bai gama janyewa daga fadamun Haɗeja ba, saura kwana takwas bikin godiyar kaka a cocinmu. Mama ta tsaya gaban mawaƙa ta danna maɓallin piyano mai lantarki, irin wanda ke riƙe waƙa ya maimaita ta da kansa. Sati biyu ta yi tana shigar da sabuwar waƙarta daga littafin da take rubuta do-re-mi in ta taso daga koyarwa. Maimakon waƙa sai muka ji gurnani kamar an taka kwaɗo. Muryar sama tana fita, ta ƙasa kuwa sai kakari.

Shekaruna goma sha biyu, kuma ni ke ɗauko piyanon a ka daga gidan Baba Dogara, dattijon cocin da ake ajiyarsa wurinsa. Don haka ido ya dawo kaina. "Malama, 'yarki ce," in ji Baba Dogara a gaban kowa. "Na gan ta tana shan kunu kusa da shi." Ban taɓa yi ba. Amma ranar aka cire ni daga layin mawaƙa. Na koma gida ina wanke-wanke ina kuka, ƙawayena na ta carafke a ƙofar gida, ko leƙawa ban yi ba.

Mama ba ta doke ni ba, ba ta kuma ce ta yarda da ni ba. Bin abin ta yi daki-daki. Ta sake batir, ta canza waya, ta goge waƙar ta sake shigarwa, ta gwada wata tsohuwa ko tata ce ke da kuskure. Duk kakarin ɗaya ne. Ran Laraba muka kai wa Malam Bappa mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Yana kwance noti na huɗu wari ya buge mu. Ɓera ne ya mutu a kan lasifika har ya kumbura, tsutsotsi na motsi a cikinsa, ga ƙayar kifi da ya tara, ga tsumman da ya yi sheƙa da su. Na fita da gudu na yi amai a kwata. Malam Bappa, da Mama ta riga ta ba shi labarin kunun, ya toshe hanci da hularsa ya ce, "Malama, wannan ba kunu ba ne. A ɗakin banda ake kwantar da shi."

Haka ne kuwa. Baba Dogara na sarin bandar kifi daga Auyo, kuma tsakanin kwandunan yake jingine piyanon. Da Mama ta faɗa masa, sai ya ce, "To, ai an gyara," ya ci gaba da buga wa kekensa iska. Ran biki ya zauna a gaba, tafinsa ya fi na kowa ƙarfi. An mayar da ni layi, amma bai taɓa duban idona ya ce ya yi kuskure ba. Wannan ya fi ɓeran tayar mini da zuciya.

Yanzu a kwamfuta nake rubuta wa mawaƙanmu waƙa. In wata murya ta ƙi fita, kafin shayi ya huce na gano inda na kashe ta, ba wari, ba tsutsa. Sai dai babu Mama a gefena tana bin layi da yatsa tana rerawa a hankali. Wannan kam ba mai gyara mini shi.