Tsohon da Ke Jiran Ƙararrawa

A ofishin tikiti na wata jami'a a Kansas, Lorene tana kallon wani tsoho mai koɗaɗɗiyar jar hula, robar numfashi a hancinsa. Yana bin sabon jadawalin wasannin ƙwallo da yatsa. An sake raba ƙungiyoyin gasar: ƙungiyar jami'ar a rukunin gabas, abokan hamayyarsu a na yamma. Ƙararrawar tagullar da mai nasara a tsakaninsu yake tafiya da ita kuwa tana hannun waɗancan tun bara. Daga gani, da ƙuruciyarsa ya sha kaɗa ta.

"'Yata, yaushe za mu ƙwato abarmu?"

"Ba za mu sake karawa da su ba sai bayan shekara shida, Baba."

Ya dafe kantar ofishin da hannu biyu.

"Ƙara dubawa, don Allah. Likita bai ba ni shida ba."