Fassarar da Na Yi wa Agwagin Yayata

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako a Anka, ba ni da aikin da ya wuce zuwa shagon wani mai gyaran rediyo. Yana da tsohuwar talabijin da na'urar gem da ya sayo a Gusau. Da an yi la'asar sai ya tayar da janareta, mu cika masa shago.

Sauran samari gem ɗin ƙwallo suke so. Ni da abokina, wani tela mai ƙarancin magana, faifai ɗaya muka nace wa, na ban tsoro. Mutum ne ya tsinci kansa a wani ƙauyen Turawa da kowa ya watse, da 'yan harsasai kaɗan, dole ya nemi hanyar fita da ransa. Abokina ke dannawa, don hannunsa ya fi nawa sauri. Ni kuwa nawa baki ne. Ni ke karanta Turancin, ni ke fassara duk abin da muka gani, kamar wanda ya haɗiyi rediyo.

Kuma akwai abin fassarawa. Mun shiga wani gida mun tarar an juya kujeru duka suna kallon bango, na ce mutanen garin sun juya wa gaskiya baya ne. Madubi an lulluɓe shi da mayafi, na ce kunyar ganin fuskokinsu suke ji. Har manya sukan tsaya a bakin ƙofa su saurare ni, suna ce mini mai fassara. Sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Akwai wani lungu a cikin gem ɗin da tsuntsaye ke zube a ƙasa matattu. Da mun shiga, sai ƙarfin mutuminmu ya riƙa raguwa, alhali babu abin da ya taɓa shi. Na gyara murya na ce tsuntsayen rayukan waɗanda suka yi shiru ne a kan zalunci, nauyin alhakinsu ke danne shi.

Abokina bai ko dube ni ba ya ce, "Kai dai, tsuntsu in ya mace, wani abu ne ya kashe shi."

Na yi masa dariya, na ce tela sai allura. Bayan kwana biyu ya buɗe wani kabad ya samo abin rufe hanci, ya sa wa mutumin, ya ratsa lungun lafiya lau. Ashe iskar wurin ce ke da guba. Ko kunya ban ji ba, na ce ai duka biyun daidai ne.

A cikin watannin nan ne yayata ta zo daga ƙauyen Dareta, inda take aure. Mijinta ya bar noma ya koma aikin zinariya kamar kowa a garin. Buhunan dutse har cikin gida ake kawo su, mata na dakawa a turmi, ƙura na sauka kan kwanuka da tabarmi. Ta zo da 'yarta mai shekara biyu a goye, yarinya mai ƙiriniya da na sani, amma ran nan kanta na kwance a bayan uwarta, ko zumar da na miƙa mata ba ta karɓa ba.

Muna zaune a tsakar gida da Inna, yayata ta dube ni ta ce, "Kai da kay yi boko, ka hwaɗa mani wani abu. Agwagina duka sun mace, guda bayan guda, cikin kwana ukku. Na maƙwabta ma haka nan. Ga ɗiyar ga kuma sai amai da kwana, wani sa'in idanunta su kahe. Mi wanga abu ka nuhi?"

Ba malami ta je wa ba, ba tsofaffin garinsu ba. Ni ta zo wa, ƙanenta da ta goya, saboda ta yarda na san abin da ba ta sani ba. Asibiti kuma ga shi nan cikin gari, ko mashin ba sai mun hau ba.

Har yau ina jin yadda bakina ya yi zaƙi. Na tuna abin da mutanenmu ke faɗa in dabba ta mutu, cewa ta ɗauke wa gida masifa, na yi masa ado irin na shagon mai rediyo. Na ce mata agwagin fansa ne, abin da ya nufo yarinyar ne ya sauka a kansu, tun da sun tafi to ya wuce. Zazzaɓin haƙori ne kawai ya rage. Na ce ta yi sadaka ta kwantar da hankalinta.

Inna ta ce, "Allah shi sa hakanan." Yayata ta sauke ajiyar zuciya, har ta yi murmushi. Ta toya masar sadaka ta raba wa maƙwabta, washegari ta koma Dareta.

Yarinyar ba ta kai girbi ba. Jijjiga ta kama ta da hantsi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Daga baya likitoci suka shiga Dareta, suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, suka ce mutuwar agwagi ita ce alamar farko.

Ba na cewa na san dalma, ko sunanta ban taɓa haɗawa da ciwo ba. Ajali kuma ba ya wuce lokacinsa, na sani. Abin da ke cina shi ne ban iya cewa "ban sani ba, tashi mu je asibiti" ba. Na gwammace in yi magana mai daɗi da a ce an tambaye ni na rasa amsa.

Yayata ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Da aka auna jinin babban ɗanta, aka ba ta sakamakon a takarda da Turanci, ta zo gida da ita. Ina zaune a zaure na miƙa hannu. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi lafiyata, ta naɗe takardar a bakin zanenta, ta wuce gidan maƙwabcinmu a karanta mata.